Yadda muka shigar da na'urar zane mai riƙe biro cikin aji, daga takardar neman izini zuwa darasi

Na rubuta wannan ne saboda malaman da ke son kawo na'urar zane mai riƙe biro cikin ajinsu, don su san abin da ke gabansu tun kafin su rubuta takardar farko. Ita kanta na'urar ba ta da wuyar fahimta. Hannu ne da ke riƙe biro na gaske, ƙananan injina biyu suna jan sa a kan takarda, wani ƙarami na uku kuma yana ɗaga biron yana sauke shi. Ba ta fesa tawada kamar firinta, layi take ja ɗaya bayan ɗaya a gaban idon kowa, kuma a nan amfaninta yake ga mai koyarwa: ɗalibi ya rubuta umarni, ya tsaya yana kallon biro yana bin umarnin, in ya yi kuskure a kusurwa ya ga daidai inda layin ya kauce. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1967 Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na Logo don yara, daga baya aka haɗa shi da ɗan mutum-mutumin da ake kira kunkuru, mai yawo a ƙasa yana jan layi da alƙalami. Abin da muke yi yau ci gaban wancan ne.

Matakin farko shi ne ofishin shugaban makaranta, kuma tambayar da ya fara yi mini ita ce wadda kowa zai yi: "Malam, ba muna da firinta ba?" Amsar baki ba ta wadatar a nan. Ya nemi in kawo bayani a rubuce, shafi ɗaya, mai nuna darussan da na'urar za ta taɓa a cikin tsarin karatun da ake bi. Na zauna da malamin lissafi da malamar zane muka jera su: kusurwoyi da siffofi masu gefe da yawa, wurin ɗigo a kan layin x da y, ma'auni da rabo, umarnin maimaitawa a darasin kwamfuta, sai tsara shafi da zaɓen launi a darasin zane. Sa hannun sassa uku a takarda ɗaya ya fi duk wani dogon bayani tasiri, domin ya nuna kayan ba na malami guda ba ne da za a kulle a durowa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Bayan nan sai jira. Takardar ba ta motsa ba sai da kwamitin da ke duba kashe kuɗi ya zauna, kuma zamansa yana da lokacinsa. Wanda ke son fara koyarwa a farkon zango ya miƙa takardarsa tun zangon da ya gabata. Jiran yana da cin rai, musamman da yake na riga na tsara darussa a kai, amma na yi amfani da shi wajen gwada umarnin zanen a fuskar kwamfuta, abin da ya rage mini aiki daga baya.

Kwamitin ya dawo da tambaya ɗaya mai muhimmanci: wace iri za a saya? Iri biyu ne a gabanmu. Akwai haɗaɗɗiya da ke zuwa a shirye, irin AxiDraw, wadda ake sarrafawa kai tsaye daga manhajar zane ta Inkscape ko daga Python, harshen rubuta umarnin kwamfuta. A ɗaura mata biro, a jona waya, ta fara aiki. Akwai kuma wadda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, mai ƙaramin allon lantarki na Arduino Uno da manhajar GRBL da ke cikinsa tana motsa injinan, irin da sai an zauna an haɗa. Ta farko ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma ba ta cin lokacin malami. Ta biyu ta fi sauƙin kuɗi, kayan gyaranta kuma gama-gari ne, sai dai tana buƙatar wanda ba ya tsoron sukudireba da mitar awon wuta. Mun zaɓi ta biyu, guda biyu, kuma har yanzu ina ganin biyu masu araha sun fi ɗaya mai tsada amfani a aji mai yawan ɗalibai, saboda dalilin da zan zo kansa. Makarantar da ba ta da mai haɗawa kuwa, gara ta sayi shiryayya guda ta huta.

A ofishin akanta aka buƙaci takardun farashi daga masu sayarwa fiye da ɗaya, da jerin kaya dalla-dalla. Kada a rubuta "na'urar zane" kawai a bar shi haka, domin mai sayen ba shi ne mai koyarwa ba, duk abin da ya yi kama da sunan zai iya kawowa. Mun rubuta girman filin zane, wato ya ɗauki takardar A4 mai milimita 210 da 297, da injinan taku, wato masu juyawa taku-taku, nau'in NEMA 17 guda biyu ga kowace na'ura, da allon CNC da ke hawa kan Arduino, da direbobin A4988, wato ƙananan allunan da ke ba injinan wuta, da bel nau'in GT2, da ɗan injin ɗaga biro SG90, da adaftar wuta mai bolt 12. A cikin wannan takarda ɗaya ya kamata a saka kuɗin jigila da na haraji idan daga wata ƙasa kayan za su zo, sannan kayan da ke ƙarewa: birori, takarda, tef ɗin manna takarda, da rarar SG90 aƙalla biyu da rarar direba biyu. Dalilin shi ne, amincewa da sayen babban kaya sau ɗaya ake yi, amma komawa neman kuɗin ɗan abu ƙarami yana bin doguwar hanyar da babban ya bi, aji kuma yana zaune. Da kayan suka iso, sai da aka shigar da su littafin sito aka manna musu lamba kafin a ba ni. A gaban mai kula da sito na buɗe kwalayen na ƙirga komai da jerin da ke hannuna, na ajiye kwafin rasit. In noti ko bel bai cika ba, a wannan lokacin ne ake da bakin magana.

Ofishin da mutane ke mantawa da shi shi ne na mai kula da kwamfutocin makaranta. Kwamfutocin ɗalibai a kulle suke, ba a saka musu sabuwar manhaja sai da izininsa. Na kai masa jerin abin da ake buƙata a lokaci guda: Inkscape, Python, manhajar Arduino, da Universal Gcode Sender mai aika umarni zuwa na'urar. Duka kyauta ne, wannan ya sauƙaƙa maganar. Akwai ƙarin abu guda da ba ya cikin kowane jeri: yawancin allunan Arduino masu araha suna amfani da guntun CH340 wajen magana da kwamfuta, kuma a wasu kwamfutocin sai an saka masa manhajarsa daban, in ba haka ba za a jona waya fitila ta kama amma kwamfutar ta ce ba ta ga komai ba. Mun kuma yi shawara cewa kowace na'ura ta sami kwamfuta guda da aka keɓe mata, ɗalibai su yi aikinsu a nasu kwamfutocin su turo fayil. A waɗannan keɓaɓɓun aka kashe tsarin da ke sa kwamfuta barci, domin in ta yi barci ana tsakiyar zane, aikawa ta tsaya, biro ya zauna wuri ɗaya yana zubar da tawada.

Haɗa ƙarafan bai da wata dabara illa haƙuri. A ɗaura komai sako-sako tukuna, a daidaita sandunan su yi kusurwar digiri 90 da juna, sannan a ƙara ƙarfin notunan. Bel ya yi tauri yadda in an taɓa shi da yatsa zai yi ɗan ƙara, amma ba taurin da zai danne injin ba. Wajen wuta ne ake asara. Direban A4988 yana shiga raminsa ta fuska biyu, ɗaya ce kawai daidai. A duba ƙafar da aka rubuta wa EN ta dace da alamar EN ta kan allo, in aka juya shi aka ba da wuta ya ƙone nan take. A ƙarƙashin kowane direba akwai wurin 'yan hulunan haɗi guda uku, in an saka duka ukun kowane taku na injin yana rabuwa gida 16, tafiyar ta yi laushi ƙarar ta ragu. A saman direban akwai ɗan noti da ake murɗawa don iyakance wutar da ke shiga injin. Ana ɗora mita a kansa a karanta, lissafin kuma shi ne wutar da ake so sau 8 sau ƙimar ɗan resistan da ke jikin direban. In resistan na 0.1 ne, ana son amfiya ɗaya, mita ta nuna bolt 0.8. Jan biro ba ya buƙatar ƙarfi, don haka mun tsaya ƙasa da abin da aka rubuta a jikin injin. In wutar ta yi yawa direba ya yi zafi ya riƙa ɗaukewa, in ta yi kaɗan injin ya riƙa tsallake taku. Doka ɗaya da na rubuta na manna a jikin teburin ita ce kada a cire wayar injin alhali wuta na kunne, domin hakan ma yana kashe direba.

Da muka ba da wuta karon farko, injin ɗaya ya riƙa rawar ɗari a wuri guda ba ya juyawa. Wayoyinsa huɗu biyu-biyu suke, kowane biyu na naɗi ɗaya, kuma an cakuɗa su a filogin. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a cire injin daga allo, a haɗa bakin waya biyu, a murɗa sandar injin da hannu, in ta yi nauyi, waɗannan biyun 'yan naɗi ɗaya ne, sai a jera su kusa da juna. Matsala ta biyu ta manhaja ce. GRBL na asali don injin sassaƙa aka yi shi, bai san ɗan injin ɗaga biro ba, sai an ɗora nau'in da aka gyara don haka, wanda ke amfani da umarnin M3 da M5 wajen sauke biro da ɗaga shi. Sannan irin na'urarmu bel ɗaya ne ya zagaye injinan biyu, suna aiki tare ko da a tafiya ta miƙe zuwa dama ko gaba. In ba a kunna zaɓin COREXY a cikin fayil ɗin config.h kafin ɗorawa ba, za a ce ta tafi dama ta tafi a karkace. Saurin magana tsakaninta da kwamfuta 115200 ne, in aka zaɓi wani sai baƙaƙe marasa ma'ana su cika fuskar.

Daidaita awo shi ne matakin da na fi ba da shawarar a yi shi tare da ɗalibai, domin darasin lissafi ne cikakke. Injin NEMA 17 na yau da kullum yana taku 200 a zagaye ɗaya, digiri 1.8 kowane taku. An raba kowane gida 16, ya zama 3200. Tsakanin haƙori da haƙori a bel ɗin GT2 milimita 2 ne, ɗan gargaren da bel ke hawa in yana da haƙora 20, zagaye ɗaya ya ja milimita 40. A raba 3200 da 40, a sami taku 80 a kowace milimita, shi ake rubutawa a gurbin saitin GRBL da ake kira $100 da $101. Muka rubuta 80, muka umarce ta da ta ja layin milimita 100, ɗalibai suka ɗora rula suka sami 80 cif. Aka yi shiru, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, a ƙirga haƙoran." Aka ƙirga, 16 ne. Zagaye ɗaya ke nan milimita 32, lambar da ta dace kuma 100. Irin kuskuren yana faɗin asalinsa: in layin ya fito rabi ko ninki biyu daidai, hular haɗi ce ta ɓace ko ta ƙaru, in bambancin ɗan kaɗan ne, kamar 99 a maimakon 100, sai a ninka tsohuwar lambar da 100 a raba da 99. Bayan tsawo sai kusurwa. A zana murabba'i mai gefen milimita 100, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Kowanne ya kamata ya ba da 141.4. In ɗaya ya fi ɗaya, ƙarafan ne ba su miƙe ba, ba lamba za a taɓa ba, noti za a kwance. Ranar da layukan biyu suka fito daidai, biro kuma ya dawo ya rufe murabba'in a kan ɗigon da ya fara, na ji nauyin da na ɗauko tun daga ofishin shugaba ya sauka.

Biro da takarda suna da nasu sharuɗɗan. Biro na yau da kullum mai ƙwallo a baki yana son a danna shi, na'urar kuwa nauyin biron kawai take sakewa, shi ya sa layin ke fitowa a yanke. Mai tawadar ruwa-ruwa ko mai siririn bakin zane na milimita 0.3 zuwa 0.5 ya fi dacewa. In dole sai mai ƙwallon, a ɗaura ɗan nauyi a kan mariƙin. Tsayin biro daga takarda idan an ɗaga shi ya zama kamar milimita 2 zuwa 3, kuma don kada kowa ya riƙa kintata, mun yanka ɗan kwali mai wannan kauri: a sa shi ƙarƙashin bakin biro, a ɗaure noti, a zare. Takarda a manne ta ta kusurwa huɗu da tef ɗin takarda, wanda ba ya yage ta wajen cirewa, a kan allo mai santsi, domin ɗan tudu a tebur ya isa ya sa biro ya ja layi inda ya kamata ya tsallake. In aka ga kowane layi yana da ɗan wutsiya a ƙarshensa, hannun ne ke tashi kafin biro ya gama ɗaguwa. A saka G4 P0.2 bayan kowane ɗagawa da saukewa, wato ta dakata kashi biyu cikin goma na daƙiƙa.

Darasin farko da cikakken aji shi ya nuna mana ainihin abin da za a tsara komai a kansa, wato lokaci. Na'urar tana da nawar aiki, ba kuma za ta daina ba. Ɗalibi ɗaya ya zana murabba'in milimita 100 ya ce a cike shi da baƙi. Na'urar ba ta san cikewa ba sai ta hanyar jera layuka kusa da kusa. Da biro mai bakin 0.5, layuka 200 ke nan, kowanne milimita 100, jimla mita 20. A saurin milimita 25 a daƙiƙa, daƙiƙa 800, fiye da minti 13, na mutum guda, sauran suna tsaye. Daga nan muka kafa ƙa'idoji. Takardar kowa A6 ce, wato A4 da aka yanka gida huɗu. Aiki rukuni-rukuni ne na mutum uku ko huɗu. Kowane zane kada ya wuce minti uku, kuma rukunin ne zai kawo lissafin lokacinsa a rubuce kafin a karɓi fayil ɗinsa: jimlar tsawon layuka a raba da sauri, a ƙara lokacin ɗagawa da saukewa. Ba a kai komai kan na'ura sai an gan shi a fuskar kwamfuta tukuna. Akwai takardar layi a bango, rukuni ya rubuta sunansa ya koma ya ci gaba da aiki har a kira shi. Wannan ne dalilin da na ce biyu sun fi ɗaya: layin jira ya rabu biyu, in ɗaya ta sami matsala kuma darasi bai mutu ba.

A ɓangaren koyon rubuta umarni, mun fara da hannu. Kowane rukuni ya rubuta murabba'i da umarnin na'urar kai tsaye: G21 don awo da milimita, G90 don a ƙirga kowane wuri daga mafari, G0 don tafiya ba zane, G1 don jan layi. Layi goma sha wani abu ne, amma a nan suke gane cewa kowane ɗigo lamba biyu ne. Sai mu canza G90 zuwa G91, inda kowace tafiya ake ƙirga ta daga inda biro yake, su ga lambobi iri ɗaya sun ba da wata siffa daban. Bayan sun gaji da maimaita rubutu, sai Python ta shigo a matsayin sauƙi. Mun rubuta ɗan fayil mai umarni huɗu, gaba da juya da ɗaga da sauke, wanda ke lissafa sabon wuri ya rubuta shi a harshen na'urar. Ga manyan ɗalibai mukan buɗe cikin fayil ɗin su ga cewa "gaba" ba komai ba ne illa a ƙara tsawo sau cos na kusurwa a kan x, tsawo sau sin a kan y. Kuskuren da ke fitowa kowane zango shi ne ba wa Python kusurwa da digiri alhali da wani awon kusurwa da ake kira radiyan take aiki, sai zanen ya watse, math.radians ke gyara shi. Wani kuma shi ne zane ya fito a kife, domin a fayil ɗin SVG, irin da Inkscape ke ajiyewa, lambar y tana ƙaruwa ne zuwa ƙasa, a na'urar kuwa zuwa sama.

Malamin lissafi ya fi kowa cin moriyarta. Ya sa su zana alwatika, da yawa suka juya digiri 60 saboda sun haddace cewa kusurwar ciki 60 ce, biro ya ja layi uku bai rufe ba, ya ba su rabin siffa mai gefe shida. Da kansu suka gano cewa juyin na waje ne, 120, kuma ga kowace siffa mai gefe daidai 360 ne a raba da yawan gefen. Tauraro mai tsini biyar yana son juyin 144, domin biro yana kewayawa sau biyu, 720 a raba da 5. Da'ira ta fi daɗin koyarwa. Mun tambaye su gefe nawa ake buƙata kafin ido ya daina ganin kusurwa. A da'ira mai nisan milimita 50 daga tsakiya, gefe 12 yana kauce wa da'irar gaskiya da kusan milimita 1.7, kowa na gani. Gefe 36 ya rage shi zuwa kusan 0.19, gefe 72 zuwa kusan 0.05, wanda ya fi kaurin layin biron ƙanƙanta sosai. Ƙara gefe bayan nan ƙara wa fayil nauyi ne kawai. Da muka zo siffar Koch, inda kowane layi ke rabuwa ya zama huɗu, sun lissafa cewa daga layi 3 za a kai 768 a mataki na huɗu, 3072 a na biyar, tsawon kuma yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku kowane mataki. Ƙa'idar minti uku ce ta sa suka yi wannan lissafin da gaske, don su san matakin da za a bar su su zana.

Malamar zane ta ci karo da wasu matsalolin daban a Inkscape. Na'urar layi kawai take gani, don haka hoto da aka ɗauka da waya ba ya zanuwa, siffa kuma sai an mayar da ita layi. Rubutu na yau da kullum yana fitowa a matsayin zagayen kowane harafi, ciki fanko. Maganinsa haruffan layi ɗaya da Allen Hershey ya tsara a 1967, waɗanda ke cikin Inkscape a ƙarƙashin Hershey Text. A saita awon shafi da milimita tun farko, domin tsofaffin fayiloli suna ƙirga ɗigo 90 a inci, sababbi 96, sai zane ya fito da ɗan bambancin girma ba a san dalili ba. Siffofi biyu da suka haɗa gefe suna sa biro ya bi layi ɗaya sau biyu, ya yi kauri ko ya huda takarda. Ga zane mai layuka da yawa, manhajar vpype tana haɗa layukan da bakinsu ya taɓa juna da linemerge, ta sake jera su da linesort don rage yawon da biro ke yi a sama, kuma bambancin lokacin yana da yawa. Zane mai launi biyu kuwa, kowane launi a shimfiɗarsa daban, a fara da mai haske, a canza biro ba tare da an taɓa takarda ko an ture hannun ba. Birorin su zama iri ɗaya, don in kaurin jikinsu ya bambanta bakin zai sauka a wani wuri. Saita $1 zuwa 255 yana sa injinan su riƙe wurinsu lokacin canjin.

Bayan an shafe zango ana aiki, abubuwan da ke lalacewa sun bayyana. Ɗan injin SG90 ne ke fara gajiya, haƙoransa na roba ne, kuma zane mai ɗigo-ɗigo da yawa yana cinye shi; alamarsa biro ya riƙa ɗaguwa rabi. In da'ira ta fara fitowa kamar ƙwai, ko layi bai koma inda ya fara ba, a duba taurin bel da ɗan notin da ke riƙe gargare a kan sandar injin, yana kwancewa a hankali. In zane ya goce gaba ɗaya daga tsakiya, taku aka tsallake: ko wani ya jingina da hannun, ko waya ta maƙale, ko lambobin $120 da $121 na saurin tashi sun yi yawa. Injinan ba su da hanyar sanin inda suke, ƙirga taku kawai ake yi, saboda haka in wuta ta ɗauke an rasa wurin. Saka makunnan iyaka a ƙarshen sanduna da kunna $22 yana ba da damar komawa mafari da $H, ba tare da su ba kuwa sai a yi alamar mafari a kan allo da biro.

Da za a tambaye ni abin da za a riƙe daga duk wannan, zan ce a nemi sa hannun sauran malamai kafin a je wurin shugaba, a haɗa kayan ƙarewa da na gyara a takardar kuɗi ta farko, a ga mai kula da kwamfuta tun kaya suna hanya, a kuma bar daidaita awo ya zama darasi. A horar da ɗalibai biyu ko uku a kowane aji su zama masu ɗaura biro da manna takarda da aika fayil, don malami ya sami damar zagayawa wurin masu rubuta umarni, inda aka fi buƙatarsa. A koya wa kowa inda ake kashe wuta, a hana sa hannu ko barin gefen tufafi kusa da bel tana tafiya. Da an gama saita na'ura, a rubuta $$ a kwafe dukkan lambobin da suka fito a ajiye a fayil da kuma takarda a cikin kwalinta, domin ranar da aka canza allo ko aka sake ɗora GRBL, lambobin nan ne za a nema. A rufe birori bayan kowane darasi, a lulluɓe na'urar saboda ƙura, a goge sandunan a ɗiga musu ɗan mai mara kauri lokaci-lokaci.